Darasi na 12: Kowane Fanel da Manhajarsa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran waya a Daura, ko a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ya san kalmar filashin. Waya ta maƙale a kan tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, wato a share manhajar da ke cikinta a zuba wata. Ku lura da abin da gwani yake yi kafin ya jona ta da kwamfuta. Ba ya yarda da sunan da ke bayan murfi kawai. Yakan nemi lambar samfurin, wani lokaci har ya kwance wayar ya karanta rubutun da ke jikin fanel, don ya tabbatar ko aisin MediaTek ne a ciki ko na Unisoc. Ya san abin da kuskure ke jawowa. Wayar da aka kawo da sauran numfashi sai ta mutu murus, ko ta kawo wuta fuskarta fari fat, ko hoto ya fito amma in an taɓa ba ta ji. Daga nan sai cacar baki da mai waya.

Abin da hannun mai gyaran nan ya riga ya sani, shi za mu bi da hankali a wannan darasi mu ga dalilinsa. A darussan baya mun raba kwamfuta gida biyu: gangar jiki, wato ƙarfe da wayoyi da duk abin da hannu ke taɓawa, da kuma babbar manhaja, irin su Windows da Linux da Android, wadda ke tafiyar da gangar jikin. Tambayar yau ita ce: me ya sa faifan Windows guda ɗaya ke hawa kan laftof ɗin HP da na Dell da na Lenovo ba gardama, amma a ƙananan fanel kowane sai an nemo masa tasa?

Kwamfutar da ba ta yi kama da kwamfuta ba

Kwamfutocin da ke masarautar Daura sun fi waɗanda ido ke gani yawa nesa ba kusa ba. Na'urar POS da ta cika bakin titi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kwamfuta ce. Mitar wuta mai kati kwamfuta ce. Haka dikodar talabijin, da inbatar sola, da na'urar BVAS da aka tantance masu zaɓe da ita a 2023. Kowace akwai ɗan fanel a cikinta da aka ɗora wa aiki guda, ba ya yin wani.

Fanel ɗin nan iri biyu ne, kuma masu koyo kan rikita su. Akwai ƙanana ƙwarai irin Arduino, wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005. Samfurinsa da ake kira Uno ram ɗinsa kilobait 2 ne kacal, bai kai ya riƙe rubutun wannan shafi ba. Ba ya ɗaukar babbar manhaja ko kaɗan. Umarni guda ake rubuta masa ya yi ta maimaitawa, kamar kunna famfo in tanki ya sauka. Sai kuma manyansu, masu girman katin ATM ko sama da haka kaɗan, waɗanda ke ɗaukar Linux ko Android, a jona musu talabijin da kibod su zama cikakkiyar kwamfuta. Kan waɗannan darasinmu ya fi karkata.

Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Raspberry Pi. Wata gidauniya ce a Kambirij ta Ingila ta fito da shi ranar 29 ga Fabrairu 2012 a kan dala 35, da nufin yara su koyi rubuta manhaja. Da ya karɓu, sai kamfanonin ƙasar Sin suka biyo sahu da nasu: Orange Pi, Banana Pi da sauransu. Girmansu ɗaya, ramukansu kusan ɗaya, sunan ma ya yi kama. To amma kama da wane ba ta wane. Ɗauki memorin da ke tayar da Raspberry Pi ka soka a Orange Pi, ba abin da zai fito a fuska. Kafin manhaja ta zauna daram a kan fanel sai ta ratsa soraye da yawa, kamar mai shiga fada, kuma a kowane soro ana iya tsayar da ita.

Soron farko: yare

Masarrafa, wato aisin da ke yin lissafi, tana da yaren da take ji. Yawancin laftof da kwamfutar tebur, masu masarrafar Intel ko AMD, suna jin yaren da ake kira x86. Wayoyinmu da mafi yawan ƙananan fanel suna jin yaren ARM, wanda shi ma a Kambirij aka ƙirƙiro shi, a kamfanin Acorn, a 1985. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Manhajar koyon jarrabawar JAMB da aka rubuta don Windows a kan x86 ba za ta buɗe a kan fanel mai ARM da Linux ba, ko sau nawa aka kwafa ta.

Cikin ARM ɗin ma akwai tsara-tsara, kamar kaka da jika. Jika yakan gane maganar kakansa, amma kakan bai san sababbin kalmomin jikan ba. Raspberry Pi na farko da tsarar ARMv6 aka yi shi, alhali Debian, ɗaya daga manyan rassan Linux, ta gina sabon reshenta na ARM ne don ARMv7 zuwa sama. Sai da wasu masu sa kai biyu, Mike Thompson da Peter Green, suka sake gina dubban manhajojin Debian a 2012 don su dace da tsohuwar masarrafar. Aikinsu ne ya zama Raspbian, wadda aka sake wa suna Raspberry Pi OS a 2020. Har yau in za ka sauke ta za ka ga iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64. Mai 64 ba ta tashi a kan Pi 1 ko Pi Zero na asali, sai daga Pi 3 zuwa sama, da kuma Zero 2 W.

Soro na biyu: tashi daga barci

Da an ba fanel wuta, masarrafa ba ta san komai ba sai ɗan umarnin da aka ƙona mata a masana'anta, wanda ke ce mata: je wuri kaza ki nemo manhajar tayarwa. Matsalar ita ce kowane kamfani da nasa wuri kazan. Aisin Allwinner, wanda ke cikin Orange Pi da dama, yakan tsallake kilobait 8 na farkon memori ya duba can. Na Rockchip a kilobait 32 yake dubawa. Na Broadcom da ke cikin Raspberry Pi kuwa fayiloli masu wasu sunaye yake nema a sashen farko na memorin. Wanda duk bai tarar da abinsa a inda ya saba ba, sai ya yi shiru. Mai koyo ya ga jar fitila a kunne, fuska baƙa ƙirin, ya ce fanel ya ƙone. Lafiyarsa lau, an ajiye masa makulli ne a inda bai san a duba ba.

Soro na uku: wa ke ina?

Nan ne gundarin darasin, don haka mu ɗan daɗe.

Mu ƙaddara an naɗa sabon hakimi aka tura shi gundumar da bai taɓa zama ba. Hanya biyu ce zai san jama'arsa. Ko dai kowa ya zo da ƙafarsa ya yi sallama, ya ce ni ne wane, sana'ata kaza, gidana na wuri kaza. Ko kuma dagatai da masu unguwanni su kawo masa rubutaccen kundi: gidan Sarkin Maƙera na bayan masallaci, rijiya na gabas da kasuwa, wane ke riƙe da makullin rumbu.

Babbar kwamfuta hanyar farko take bi. Tun da IBM ta fito da kwamfutarta a 1981 wasu suka kwaikwaya, masu ƙera kwamfuta suka taru a kan ƙa'ida ɗaya. Akwai wata ƙaramar manhaja a jikin injin, BIOS a da, UEFI a yanzu, da ke tarbar babbar manhaja ta yi mata bayanin gida. Sannan duk abin da aka jona ta USB ko PCI yana da lambar shaida da yake faɗa da an tambaye shi. Shi ya sa faifai ɗaya ke wadatar da dubban samfura.

A ƙaramin fanel mai ARM kuwa, yawancin mutanen gari bebaye ne. Aisin sauti, da na kula da wuta, da fuska, da fitilu, da allurai 40 da ke jere a gefe, an jona su ne ta siraran hanyoyi irin su I2C da SPI, waɗanda ba su da tsarin gabatar da kai. Kanel, wato ƙwayar babbar manhaja, ba shi da yadda zai yi ya gano su in ba an faɗa masa ba. A da, kowane fanel sai an rubuta bayaninsa cikin kanel ɗin kansa. Abin ya yi ta taruwa har ya zama jibgi, har Linus Torvalds, mutumin Finlan da ya faro Linux a 1991, ya fito a 2011 ya yi wa masu aikin ARM faɗa mai zafi. Bayan nan aka koma ga dabarar kundi: ɗan fayil daban mai ƙarewa da .dtb, wanda masu fasahar ke kira bishiyar na'urori saboda yadda bayanin ke rassa. Mu a nan kundin na'urori za mu riƙa ce masa. A ciki ake rubuta cewa aisin kaza na kan hanya kaza a adireshi kaza, allura ta kaza ita ke kunna fitila, ram yawansa kaza.

To, a ba hakimin Zango kundin Sandamu. Zai sami masallaci da kasuwa a rubuce, amma duk aiken da ya yi sai ya faɗa gidan da ba shi ba. Haka fanel yake yi in aka ba shi kundin ɗan'uwansa: ya tashi, amma ba sauti, ko ramin intanet ya mutu, ko USB biyu su yi aiki biyu su ƙi. Farar fuskar nan da mai gyaran waya ke tsoro danginta ce: manhaja na magana da irin fuskar da ba ita ke jikin wayar ba. Kuma aisi ɗaya ba ya nufin kundi ɗaya, domin kamfani biyu na iya sayen aisi iri guda kowa ya ja wayoyinsa yadda ya ga dama. Suna ɗaya ma ba ya nufin aisi ɗaya. Orange Pi PC aisin Allwinner H3 ne da shi, PC 2 kuma H5. Zero 2 na da H616, Zero 3 na da H618. Orange Pi 5 ya bar gidan Allwinner ɗungurungum ya koma Rockchip. Akwatunan talabijin masu Android da ake sayarwa da araha sun fi kowa wannan hali: kwali ɗaya, suna ɗaya, in an kwance a tarar da aisi daban-daban.

Ga misalin da za ku iya gwadawa da hannunku. Raspberry Pi daga na farko har na 4 ba shi da agogo mai batir. Akan sayo ɗan agogo da ake kira DS3231 a soka a alluransa. Ka soka daidai, amma manhaja ba ta nuna ta san da zuwansa ba, don bebe ne. Sai ka buɗe fayil ɗin config.txt ka ƙara layi guda, dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, ka kashe ka kunna. Abin da ka yi shi ne ka ƙara sunan baƙo a kundin mai unguwa.

Soro na huɗu: tafinta

Sanin cewa mutum na nan daban, iya magana da shi daban. Kowace na'ura na buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakaninta da kanel. Faifan da ke zuwa cikin kwalin firinta ko na'urar ɗaukar zanen yatsa galibi direban Windows ne a kai, ba ya amfanar fanel da komai. Ɗan sandan wayifai na USB kuwa, sunan da ke jikin robarsa ba shi ne abin dubawa ba; aisin ciki, na Realtek ne ko na MediaTek, da lambarsa, su ke nuna ko Linux na da tafintansa. Tsofaffin modem na layin waya suna da wata dabara: in an soka su sai su fara gabatar da kansu a matsayin faifai, sai wata manhaja mai suna usb_modeswitch ta juya su kafin su zama modem. Umarnin lsusb zai nuna muku lambar shaidar duk abin da aka soka, dmesg kuma ya nuna ko kanel ya sami direba ko bai samu ba. Abin farin ciki guda: Linux na zuwa da tsarin kibod na Hausar Najeriya, don haka ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin abin da za ku yi fama da shi.

Wa zai riƙe marayan?

Yanzu mu zo ga abin da, a ganina, ya fi duk lambobin da ke jikin kwali muhimmanci. Duk abubuwan nan, manhajar tayarwa da kundi da direbobi, mutane ne ke rubuta su, kuma sai an ci gaba da kula da su. Kamfanoni da yawa sukan ɗauki kanel na lokacin, su yi masa kwaskwarima har fanel ya tashi, su sa a kasuwa, su wuce ga sabon samfuri. Fanel masu aisin H3 sun fito ne da kanel 3.4, wanda asalinsa na 2012 ne, kuma sun daɗe a kansa. Masu sa kai ne, irin ƙungiyar linux-sunxi da masu aikin Armbian, suka yi ta ƙoƙari shekara da shekaru suna shigar da bayanin aisin cikin babban kanel na kowa da kowa. Buɗaɗɗen direban sashen zanen hotonsa, Mali-400, sai a 2019 ya shiga. Wanda ya saya da araha a 2015 ya biya cikon kuɗin da jira.

Raspberry Pi bai fi sauran ƙarfi ba. A kuɗi ɗaya sau da yawa akan sami wanda ya fi shi gudu da yawan ram. Abin da ya fi su da shi shi ne riƙo. Manhajarsa mai bit 32 ta yau tana tashi a kan fanel ɗin 2012, kuma kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, ya rubuta maganinta. Ba wai shi ma ba ya tuntuɓe ba. Pi 4 na farko-farko, a 2019, ya ƙi karɓar wuta daga wasu igiyoyin USB-C masu tsada saboda kuskuren zane, sai a bugu na gaba aka gyara. Pi 5 da ya fito a Oktoba 2023 ba ya tashi da manhajar da ta girmi bugun Raspberry Pi OS mai suna Bookworm, an cire masa ramin lasifika, kuma an mayar da alluransa ƙarƙashin wani sabon aisi, RP1. Sakamakon haka, shirye-shiryen da aka rubuta da manhajar sarrafa allurai ta RPi.GPIO don kunna famfo ko fitila suka daina aiki a kansa sai an sauya su. Ɗalibin da ya haɗa na'urar ban ruwa don lambun rani a bakin madatsar Sabke ko Daberam da Pi 3, kada ya ɗauka sabon fanel zai karɓi tsohon memori haka kawai.

Ƙananan na'urori suna daɗewa fiye da tunanin masu yin su. Masu mitar kati za su tuna yadda a 2024 aka yi ta sanarwa cewa kowa ya shigar da wasu lambobi na musamman masu alƙaluma 20 kafin 24 ga Nuwamba. Dalili shi ne tsarin katin yana ƙirga mintoci ne tun daga farkon 1993, ma'aunin kuma ya zo cika a wannan rana. Waɗanda suka tsara shi shekara 31 ta yi musu kamar ba za ta zo ba.

Ciwon da ba na jituwa ba

A ƙasarmu, kafin a zargi manhaja a fara zargin wuta. Na taɓa kwana biyu ina sauya manhaja a kan wani fanel da ke mutuwa da zarar an soka masa kibod da modem, ina ta ɗora laifi a kan masu yin sa. A rana ta uku wani yaron shago ya ce, "Malam, ko a gwada wata cajar?" Aka gwada, magana ta ƙare. Caja ta waya ce nake amfani da ita, da siririyar igiya irin ta ɗari biyar.

Duk Raspberry Pi bolt 5 yake so, amma ƙarfin da yake ja ya bambanta: Pi 3 amfiya 2.5, Pi 4 amfiya 3, Pi 5 kuwa 5 in ana so ramukan USB su ba da cikakken ƙarfi. In wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63 yakan nuna gargaɗi ya rage gudu, abubuwan da aka soka su riƙa ɓacewa suna dawowa kamar direba ne babu. Batirin sola kuwa galibi bolt 12 ne. Wanda ya jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba ya yi sallama da fanel. Alluran gefe ma bolt 3.3 suke ɗauka, alhali Arduino Uno da 5 yake aiki, don haka abin da aka saya don wannan yana iya ƙona wancan.

Sai zafi. A bazara, watan Afirilu zuwa Mayu, inuwa ma kan kai digiri 40 a Daura, balle ɗaki mai rufin kwano. Masarrafar Pi in ta haura digiri 80 takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. A sa mata ƙarfen shan zafi ko 'yar fanka, a kuma tuna cewa ƙurar hunturu na toshe fankar, sai an riƙa hurewa. Umarnin vcgencmd measure_temp na nuna zafin, vcgencmd get_throttled kuma ya faɗi ko an taɓa samun ƙarancin wuta ko zafi ya yi yawa.

Sai memori. In aka ɗauke wuta fanel na tsakar rubutu, fayiloli kan lalace, gobe ya ƙi tashi. Jabun memori, mai rubutun gigabait 64 alhali cikinsa bai kai ba, ya fi saurin yin haka. Maganin shi ne memori na ƙwarai, da ajiye kwafinsa a aljihun tebur, da kunna tsarin da ke cikin manhajar saiti ta raspi-config wanda ke hana rubutu a kan memorin in aikin ba ya buƙata. Agogon da muka ambata ma nan ya shigo: fanel marar agogo, a inda ba intanet, in wuta ta dawo yakan ci gaba ne daga lokacin da ya tuna na ƙarshe. Rajistar da ake ajiyewa a kai sai kwanakinta su rikice, shafukan intanet masu tsaro kuma su iya ƙin buɗewa in kwanan wata ya yi nisa da gaskiya.

A bakin kanta

Mu ƙaddara wata makarantar yaƙi da jahilci a wani ƙauyen Baure na son ɗakin karatu marar intanet. Abu ne mai yiwuwa: manhajar Kiwix na iya ɗaukar Wikipedia ta Hausa da ta Turanci a memori, Kolibri kuma ta ɗauki darussa, fanel ya riƙa watsa su ta wayifai zuwa wayoyin ɗalibai ba tare da sayen data ba. Aka haɗa kuɗi aka ba wani matashi ya je Kano. Ya bugo wa malaminsa waya daga kanti.

"Allah gafarta Malam, wanda ka rubuta mini ya yi tsada. Ga wani nan mai kanti ya ce duk ɗaya ne, har ya fi shi ram, kuma da ragi."

"Madalla. Karanto mini abin da ke rubuce a kan babban aisin da ke tsakiya."

"Akwai ƙarfe manne a kansa, Malam."

"To cikakken sunan samfurin fa, da lambar bugun da ke jikin fanel? Ka samu? Yanzu buɗe shafin masu manhajar da za mu yi aiki da ita, ka duba ko sunan nan na cikin jerin da suka ce sun gwada. Ba mai kama da shi ba, shi kansa."

"Babu shi, Malam. Amma akwai manhaja a shafin kamfanin."

"Ta wace shekara?"

Yaro ya yi shiru yana dubawa. "Ta kai shekara huɗu."

"To ka gaishe da mai kanti, ka ce mun gode. Ƙaro kuɗi ya fi mana sauƙi a kan sayen maraya."

Ku lura da jerin tambayoyin malamin. Bai fara da fanel ba. Ya fara da aikin da ake so, ya gangaro ga manhajar da ke yin aikin, sannan ya nemi fanel ɗin da manhajar ta sani. Yawancinmu ta baya muke farowa: mu sayi ƙarfe don ya yi kyau a ido ko a aljihu, sannan mu shiga neman abin da zai hau kansa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura da na Jami'ar Sufuri, masu haɗa aikin kammala karatu, su suka fi faɗawa wannan rami, don lokaci na ƙure musu kuma abin da aka samu a kasuwa shi ake saye. In da hali, a sa mai kanti ya kunna fanel a gabanka da memorin da ka zo da shi, a soka duk abin da za a yi aiki da shi, kibod da modem da firinta, a ga kowane ya amsa. A duba ramin hoto ma: Pi 4 da Pi 5 ƙaramin HDMI gare su, tsofaffin fuskokin kwamfuta da ke makarantunmu kuwa VGA ne, sai da mahaɗi a tsakani.

Aikin gida

Ku zagaya gidanku ko wurin sana'arku ku rubuta na'urori biyar da kuke zaton akwai ƙaramin fanel a cikinsu, ku faɗi aikin kowace, da wadda kuke ganin tana ɗauke da babbar manhaja da wadda umarni guda kawai take maimaitawa.

Ku ziyarci mai gyaran waya ko dikoda a unguwarku, ku roƙe shi ya ba ku labarin wani filashin da ya taɓa ƙi masa. Ku rubuta abin da na'urar ta yi bayan an zuba mata manhajar, sannan ku ce a wane soro kuke ganin aka tsayar da ita, da hujjarku.

Waɗanda cibiyarsu ke da fanel su kunna shi su buga cat /proc/device-tree/model, sannan uname -m, sannan lsusb kafin a soka kibod na biyu da bayan an soka. Ku kwafo abin da ya fito a littafinku harafi da harafi, ku zo da shi aji mako mai zuwa, tare da cajar da kuka yi amfani da ita.